Akwatin Kiran Zabi

Litinin, 4 ga Nuwamba, da hantsi

Na samo dabara! Tun da na idar da sallar Asuba take yi mini rawa a ka, har shayina ya huce ban sani ba. Zan haɗa wa Baba akwatin da zai riƙa kiran zabin daji a madadinsa.

Bari in rubuta a tsanake, don in na faɗa da baki dariya za a yi mini. Farkon watan gobe mafarautan garinmu za su buɗe daji. A ƙa'idarsu, ranar buɗewa ba mai harba bindiga sai mai kira ya kira, zabuwa ta amsa. Tun kafin a haife ni Baba ne mai kiran. Zai haɗa tafin hannuwansa a baki, ya kumbura kumatu, sai ka ji garke yana amsawa daga bayan tsauni kamar ya kira 'ya'yansa cin tuwo. Bana kuwa, tun shanyewar ɓarin jikin da ta same shi ranar kasuwa, ko uffan bai ce ba. Ƙanwata Mero da ke jinyarsa ta ce bango kawai yake kallo.

Ni kuma ga ni a Guangzhou ta ƙasar Sin, fasfo ɗina yana hannun masu takardun zama, ba halin motsi. To ba zan zauna in yi tagumi ba. Shekara nawa ina sayen sifiku da rediyo ina aikawa Kano? Babu wanda ban farke na ga hanjinsa ba. A ɗora Baba a babur, a zaunar da shi a gindin bishiya, ya danna maɓalli, daji ya amsa. Shi ne dai mai kira, ba wanda ya karɓe masa.

Maɓallin zai zama babba. Kuma ta hagu zan sa shi.

Litinin, bayan La'asar

Mero ta ce da sauƙi.

Talata, 5 ga Nuwamba, bayan Azahar

Na gaya wa Abass, kuma ya yi dariyar, har da riƙe ciki. Abass ɗan zangon Kumasi ne, yana da ofishin aika kaya a ginin Tianxiu, ɗaki ɗaya muke haya. Mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba birki.

Ya ce, "Massa, wannan abu akwai shi a kasuwa fa. Ka saya, in yi maka kago, ka huta."

Na ce, "Na gan shi. Maɓallansa kamar ƙwayar gero. Kuma batirinsa irin wanda kai da bakinka kake cewa jirgi ba ya son ɗauka."

"To da me naka zai yi aiki? Da addu'a?"

"Da batirin babur. Garinmu ko gishiri ya ƙare, babur ba ya ƙarewa."

Sai ya ce, "Injiniya Shitu." Zolaya ce, amma na karɓa hannu bibbiyu.

Laraba, 6 ga Nuwamba, da yamma

Na wuni a kasuwar kayan wuta ta Dashatou. Na samo ɗan allo mai karanta memori, da amfilifaya ƙarama, da lasifika mai bakin kakaki, da wani jan maɓalli mai faɗin murfin kwalba. Da na gan shi sai da na yi tsalle a raina.

Wajen neman kukan zabi aka sha kallo. Matar da nake sayen kaya a wurinta, lawban muke ce mata kamar kowane mai shago, na nuna mata hoton zabuwa a waya, ta girgiza kai. Sai na ajiye kunya na yi mata kukan da bakina a tsakiyar kasuwa. Maƙwabtanta suka leƙo. Ta yi dariya har da hawaye tana cewa, "Meyo, meyo," wato babu. Amma ta zaro wani memori ta ce cike yake da kukan tsuntsaye, in je in duba. Na ce sheshe, wato na gode, na fito ina jin kaina kamar wanda ya harbo giwa.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, bayan an sauko

Ya yi magana! Akwatin ya yi magana!

Na ce akwati, amma robar abinci ce ta Abass, wadda yake zuba shinkafa. Na huda ta da ƙarfe mai zafi kafin ya dawo. Dalma ta ƙone ni a yatsa biyu, ɗakin duk warin roba, amma da na danna jan nan sai wani tsuntsu ya tsala kuka, har Abass da ke shigowa ya yar da ledarsa. Ya dubi robarsa, ya dube ni, ya ce Allah zai saka masa.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Baba da baki, ni da dalma.

Asabar, 9 ga Nuwamba, da safe

Na hau saman bene na gwada. Akwai wani tsoho a gidan da ke kallon namu, kullum yana rataye kejin tsuntsunsa a taga. Ina dannawa tsuntsun ya haukace, yana amsawa yana dukan keji da fiffike. Tsohon ya leƙo yana faɗa da yarensu, na ɗaga masa hannu na ce ni haw, wato sannu. Wallahi daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Abu mai rai ya ji akwatina ya ɗauka ɗan'uwansa ne.

Asabar, bayan Magariba

Mero ta kira ta bidiyo. Ban so ta juya kyamarar wajen Baba ba. Ban roƙe ta ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, bayan La'asar

Na tura wa Kawu Tankari kukan tsuntsayen memorin nan. Kawu Tankari aminin Baba ne, tare suka fara shiga daji, shi ne ke riƙe da jama'ar yanzu. Ya saurara duka, ya kira ni.

"Shitu, waɗannan tsuntsayen 'yan wane gari ne?"

"Na nan ne, Kawu."

"To su zauna a nan ɗin. Namu ba sa jin Sinanci."

Na yi dariya, amma shi bai yi ba. Ya ce yara sun fara maganar a ba Mas'udu kiran, tunda yana ɗan taɓawa. Ya ce in aka ba shi sau ɗaya, an ba shi ke nan, ba a mayarwa. Ya ce zai danne maganar har kayana su iso, amma in kawo kukan zabi na gaskiya. Na ce ko a ƙarƙashin ƙasa suke zan tono su.

Litinin, 11 ga Nuwamba, da rana

Na je wajen takardu. Sun ce in dawo.

Talata, 12 ga Nuwamba, bayan La'asar

Da sauƙi, in ji Mero. Na matsa mata, sai ta ce ba ya yarda a ba shi a baki, kuma ba ya yarda ya ci da hagu. Kunu ne kawai, shi ma sai ta fita daga ɗakin.

Na sake liƙa duk wayoyin akwatin, ko da yake ba abin da ya same su.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da yamma

Alhamdu lillahi! Yau Abass ya biya kuɗin bakinsa. Yana da kayan jins da zai duba a Xintang, ya ce a bayan garin akwai wani gidan abinci na gona da suke kiwon zabi. Na bi shi. Bayan mun gama shaƙar shuɗin rini a shagunan ɗinki, muka hau mota har can.

Ga su kuwa, a cikin ragar waya, da zanensu da komai, kamar daga bayan gidanmu aka kwaso su. Sai da idona ya ciko. Na durƙusa na miƙa waya, amma 'yan banza suka yi gum. Rana ta take, kowace ta lafe a inuwa tana lumshe ido. Muka jira, muka jira, motar komawa tana shirin tashi.

Abass ya ce, "Chale, matsa. Mu a Ghana mun san zabo."

Na ce, "Gasasshe kuka sani."

Ya cire takalminsa ya rafka wa ragar. Wayyo! Wuri ya kaure. Suka dinga tsala ihu gaba ɗaya, kakakaka, har mai gonar ya fito da gudu da ludayi a hannu. Na ɗauka tas, ba hayaniyar mota, ba komai. A hanya na saurara ya fi a ƙirga. Ƙarfin muryar nan, in ta bi ta lasifika, zabin Nijar ma sai sun ji.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, da safe

Na zuba shi a memori. Na gwada a ɗaki, Abass ya toshe kunne. Yau da yamma, lokacin da gari ya waye musu sosai, zan sa Mero ta kai wayar kunnen Baba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Juma'a, bayan Magariba

An yi gwajin. Bari in bi shi daki-daki.

Mero ta shiga ɗakin ta ce, "Baba, ga Yaya Shitu zai jiyar da kai wani abu." Ta ajiye wayar a kan tabarma, ni silin kawai nake gani. Na ce bismillah na danna.

Zabin Xintang suka cika ɗakin Baba. Na bari suka yi ta yi, sannan na saki. Shiru. Na ce a raina ko bai ji ba ne, na sake dannawa. Sai na ji wani abu ya daki tabarma, bam, wayar ta yi tsalle. Mero ta ce, "Yaya, ya juyo! Yaya, tsaya, ya juyo!" Sai na ji numfashi kusa da wayar, mai nauyi, kamar ana jan buhu a ƙasa. Sannan wata murya, a karkace, rabinta a maƙale, ta ce:

"Sa... ka... rai."

Mero ta fashe da kuka. Ni kuwa dariya ta kama ni, ina yi hawaye na zuba. Ubana ya zage ni! Tun ranar kasuwa bai buɗe baki ba, yau ya buɗe, kuma ni ya fara tunawa da shi. Ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

Bai tsaya nan ba. Mero ta ce ya kai hannun hagu bakinsa. Na ji ya hura, iska ce kawai ta fito. Ya sake. A na ukun wani ɗan sauti ya fito, gaɓa biyu, mai taushi, ya karye a tsakiya. Bai yi kama da abin da ke cikin akwatina ba ko kaɗan.

Asabar, 16 ga Nuwamba, bayan La'asar

Kawu Tankari ya saurari abin da na ɗauko, ya yi salati.

"Me kuka yi musu kafin su yi wannan kukan?"

Na gaya masa zancen takalmin.

"To ai shi ke nan. Wannan kukan ku-gudu ne, na ganin shaho ko kare. Na taro daban yake, zabuwa ce ke yin sa a hankali in tana neman 'yan'uwanta da yamma. Da ka aiko wannan, da ka kwashe mana dajin kaf har na baɗi."

Rashin sani ya fi dare duhu. Na gaya wa Abass, ya ce shi dai an ce ana son kuka, ya samar da kuka. Na ce daga yau ya tsaya a kan gasasshen.

Mero ta ce ya sha kunu tana zaune a ɗakin. Ba ta ce da sauƙi ba, ni ma ban tambaya ba.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, bayan Isha

Na koma gonar ni kaɗai, ba Abass, ba takalminsa. Na sayi shayi don mai gonar ya bar ni, na zauna nesa da ragar, na yi kamar kututture. Sauro suka yi walima da ni. Da rana ta yi ja, wata zabuwa da aka ware a keji daban ta miƙa wuya ta fara, gaɓa biyu, gaɓa biyu, a hankali. Sauran suka taso suka taru a gefen da take. Shi ne abin da Baba ya so ya yi shekaranjiya. Na ɗauka, na dawo ina waƙa a mota, mutane suna kallona.

Akwati ya kammala. Kawu ya ji ya ce wannan kam zabuwa ce 'yar halak.

Litinin, 18 ga Nuwamba, bayan La'asar

Mero ta ce tun safe yake gwadawa. Ya hana a rufe ƙofa. Yana yi yana hutawa, in ya karye sai ya daki tabarma ya sake. Ta ce yanzu yana kaiwa ƙarshe wani lokacin, amma muryar ko zaure ba ta kaiwa.

Ta ce, "Yaya, in na gaya masa akwatinka ya iya na daidai yanzu, zai ji daɗi ko?"

Na ce kar ta gaya masa tukuna.

Talata, 19 ga Nuwamba, da hantsi

Na ɗauko akwatin zan naɗe shi a kwali, na kasa. Na zauna ina kallon jan maɓallin.

In wannan abu ya isa, me Baba zai ci gaba da dukan tabarma a kai? Zabuwar Xintang ta iya, ba ta gajiya, ba ta karyewa. Za a zaunar da shi a gindin bishiya ya danna, kowa ya ce sannu Baba, shi kuma ya san ba shi ya kira ba. Mutumin da ya ƙi a ba shi abinci a baki, shi zan ba wa murya a baki?

Kira yana nan a wurinsa. Ƙarfi ne babu. Ƙarfi kuwa shi ne sana'ata.

Talata, bayan Azahar

Na cire allon memorin! Na fizge shi gaba ɗaya. Na koma wurin lawban na sayo makirfo ƙarami irin na maƙalawa a wuya, da doguwar igiyar wuta, don a rataye lasifikar can a kan reshe, nesa da shi, kar ta yi ta ƙugi. Jan maɓallin ma na canza shi da na kunnawa sau ɗaya, tunda hannun yana da aiki a baki.

Abass ya dawo ya ga allon a ƙasa, ya riƙe kai.

"Massa, ka bar shi a ciki mana. In tsoho ya kasa, sai a danna. Me zai ɓaci?"

Na ce, "In yana ciki, Kawu zai danna don tausayi tun kafin Baba ya gama kokawa. Kuma Baba zai gane."

"In kuma ya kasa gaba ɗaya fa? A gaban mutane?"

"Sai a ba Mas'udu."

Na faɗa da ƙarfi kamar ban damu ba. Tsoro nake ji ƙwarai.

Laraba, 20 ga Nuwamba, da safe

Mun gwada a saman bene. Na sa Abass ya tsaya can ƙarshe, na yi raɗa a makirfo, ƙasa-ƙasa yadda ko ni da kyar nake ji. Na ce, "Abass ɓarawon nama." Ya juyo ya ce uban wa. Yana aiki!

Alhamis, 21 ga Nuwamba, da yamma

Ya tafi. Abass da kansa ya naɗe kwalin, ya kai shi wajen masu kago a Baiyun, ya ce in ya ɓata a cire masa kunne. Memorin yana aljihuna.

Talata, 26 ga Nuwamba, da rana

Wajen takardu. In dawo.

Asabar, 30 ga Nuwamba, bayan La'asar

Jiya jikin ya motsa, sun kwana a asibiti. Mero ta ce da sauƙi. Ban rubuta komai jiya ba, yau ma ba zan ƙara ba.

Talata, 3 ga Disamba, bayan Magariba

Kwali ya isa gida, Baba ma ya dawo gida. Kawu ya jona a batirin babur ɗinsa a tsakar gida. Mero ta ce da Baba ya ji tarinsa ya fito ta kan bishiyar darbejiya, sai ya zaro ido, sannan gefen bakinsa ya motsa. Kaji sun watse, maƙwabta sun leƙo ta katanga. Likita ya ce kar a kai shi ko'ina. Kawu ya tambayi Baba, Baba ya nuna ƙofa.

Asabar za a buɗe.

Juma'a, 6 ga Disamba, bayan an sauko

Na roƙi duk wanda na gaisa da shi a masallaci ya sa mu a addu'a. Wani Bazabarme ya tambaye ni ko haihuwa ake jira. Na ce kusan haka.

Asabar, 7 ga Disamba, bayan Isha

Saƙon murya ya shigo daga Kawu ina kan matakalar Tianxiu, na zauna a nan ɗin, masu ɗaukar kwalaye suna tsallake ni. A aljihu ya sa wayar, don haka rabin abin ƙarar riga ce.

Na ji an kashe babur. Na ji ana cewa a hankali, a hankali, ku riƙe ta nan. Na ji karnuka, an tsawatar musu.

Sai Baba. Na farko iska ce, lasifikar ta ƙara mata girma har na runtse ido don kunya. Na biyu ya karye. Wani ya yi gyaran murya. Na uku ya karye. Aka daɗe ba komai sai numfashinsa yana fita ta kan bishiya, duk dajin yana ji. Na ce a raina na kashe ubana da hannuna, ga memori a aljihuna a wata duniya.

Sai ya fito. Gaɓa biyu, a karkace kaɗan, amma ya kai ƙarshe. Ya sake, ya sake.

Can nesa, siririya, wata ta amsa.

Na miƙe tsaye a kan matakala ban sani ba. A cikin saƙon na ji mutane suna motsi, na ji ƙarar an ɗana bindiga. Amsar tana matsowa. Kawu ya yi raɗa, "Ga ta nan, ta fito fili." Ina jiran ƙarar harbi, sai muryar Baba ta fito ta lasifikar, don ba wanda ya tuna ya kashe ta, kowace kalma da kyar:

"Bar ta... ta ƙara."

Ba wanda ya harba. Ya kira, ta amsa, ya kira, ta amsa, har saƙon ya yanke.

Kawu ya ce sun dawo gida hannu Rabbana, Baba yana barci a bayansa a kan babur, an ɗaure su tare da rawani.